Sharhi: Fitar da hayaƙin hitar gas ta saman rufi a Bafalo, daɗinsa da ɗacinsa

Tun watan Oktoba na 2023 sabuwar hitar gas, wato injin ɗumama gida, take aiki a gidana da ke Bafalo, a jihar Niyok ta Amurka, kuma hayaƙinta ta saman rufi yake fita, ba ta jikin bango ba kamar yadda yawancin masu haɗa irin wannan inji suka fi so. 'Yan'uwa da dama da suka sayi tsofaffin gidaje a garin nan sun tambaye ni ko ƙarin kuɗin da na kashe ya biya. Ya biya, kuma da za a sake, haka zan sake yi. Sai dai aikin bai tafi sumul ba, akwai wuraren da kamfanin ya burge ni, akwai kuma inda ya ɓata mini rai.

Gidan irin na tsofaffin unguwannin Bafalo ne, na katako, mai bene, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda hita da tukunyar ruwan zafi suke zaune. Hasumiyar hayaƙi ta jan bulo ta ratsa tsakiyarsa ta ɓulla sama. A gefe ɗaya 'yar siririyar hanyar mota ce tsakaninmu da maƙwabci, ɗaya gefen kuwa lungu ne da mutum biyu ba sa iya jerawa a ciki. Wannan matsatsi shi ne tushen maganar.

Tsohuwar hitar da na tarar irin mai kashi 80 ce, wato a duk dala ɗaya ta gas da ta ƙona, santi 80 ne ke zama ɗumi a cikin gida, sauran ya bi hayaƙi ya tafi. Hayaƙin irin wannan hita zafi gare shi sosai, yakan haura digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, zafin nan kuma shi ke ɗaga shi sama ta cikin hasumiya. Sabuwar mai kashi 96 ce. Kafin hayaƙin ya fita sai ta sake tatse zafin da ke cikinsa har tururin ya koma ruwa, abin da ya rage kuma ɗumi-ɗumi ne kawai, kana iya riƙe bututun da hannu. Hayaƙi mai sanyi haka ba shi da ƙarfin hawa da kansa, sai wata ƙaramar fanka ta tura shi. Ruwan da yake zubarwa kuma mai tsami ne, yana cin siminti yana cin ƙarfe. Shi ya sa ba a haɗa irin wannan hita da hasumiyar bulo ko bututun kwano. Bututun roba na PVC ake sa mata, guda biyu, ɗaya ya shigo da iska daga waje don ƙona gas, ɗaya ya fitar da hayaƙi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a huda bangon ɗakin ƙasa a fito da bututun nan biyu ƙafa ɗaya ko biyu daga ƙasa. Aikin sa'o'i kaɗan ne, ba hawa tsani, ba taɓa rufi. Duk kamfanin da na kira ya zo duba gidan da wannan shawara ya fara, kuma ban ga laifinsu ba, a garuruwa da yawa hakan ya wadatar.

Amma ni na ga Disambar 2022 da idona. Guguwar da ta taso daga tafkin Erie kwana biyu kafin Kirsimeti ta zuba dusar ƙanƙara sama da inci 50 a filin jirgin saman Bafalo, ta kuma yi ajalin mutum sama da 40 a yankin. Cikin waɗanda suka rasu akwai wani matashi ɗan shekara 27 a garin Lockport, arewa da mu, wanda dusar ƙanƙara ta toshe bakin bututun hitar gidansa, iskar kabon monoksaid mai guba da ke cikin hayaƙin ta koma ciki. A lungun gidana a wannan makon, iska ta tara dusar har ta rufe tagogin ɗakin ƙasa ta kusa kai tagar kicin. Ƙa'ida ta ce bakin bututu ya zama inci 12 sama da inda ake zaton dusar za ta kai. To a lungun da take kai ƙirjin mutum, ina za a sa shi? Kamfanin gas na National Fuel kan yi ta sanarwa duk lokacin guguwa cewa a fita a share bakin bututu, shawara ce mai kyau, amma a daren da ba ka ganin hannunka saboda iska, ga ni ina aikin dare, uwargida da yara su kaɗai a gida, ban yarda in rataya numfashinsu a kan shebur ba.

Wani zai ce ai sababbin hitoci suna da makunnin tsaro da ke kashe su da zarar bututu ya toshe. Gaskiya ne, tawa ma tana da shi. Sai dai ko ya yi aikinsa daidai, sakamakon shi ne gida ba ɗumi a tsakiyar guguwa, motar masu gyara ba ta iya shigowa, bututun ruwa kuma suna daskarewa suna fashewa. Idan kuma bai yi aikinsa ba, Allah Ya kiyaye. Mu da muka taso a gida mun sha jin labarin iyalin da suka kwanta da janareta a soro ko kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu, aka wayi gari babu mai motsi. Iskar ɗaya ce, ba ta da wari ba ta da launi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce tana kashe Amurkawa sama da 400 a kowace shekara, ban da waɗanda gobara ta rutsa da su, tana kuma kai sama da mutum 100,000 asibiti. Dokar da ta wajabta sa ƙararrawar wannan iska a gidajen jihar Niyok ma daga nan kusa ta samo asali. Ana ce mata Dokar Amanda, ta fara aiki a 2010, bayan rasuwar wata yarinya 'yar shekara 16 daga West Seneca a 2009, wadda ta je kwana gidan ƙawarta inda tukunyar ɗumama gidan ta lalace.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka. Ta gefen hanyar mota, tururin zai riƙa bugun bangon maƙwabcina kai tsaye, dattijo ne mai ciwon gwiwa, ruwan da ke ɗiga kuma ya daskare ya zama santsi a inda yake takawa kullum. Ga mitar gas a gefen, ga tagogi, kowanne da tazarar da ƙa'ida ta ce a bar masa. Da aka auna, wurin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya sa na zaɓi kamfanin da na zaɓa tambaya ɗaya ce da mutuminsu ya yi, wadda sauran ba su yi ba. Da ya sauka ɗakin ƙasa, kafin ma ya kalli hitar, sai ya tsaya gaban tukunyar ruwan zafi ya tambaye ni me na shirya yi da ita. Ashe ita da tsohuwar hitar hasumiya ɗaya suke amfani da ita. Shekara da shekaru zafin hitar ne ke ɗumama bulon yana jan hayaƙin duka biyun sama. Idan aka cire hitar, tukunyar za ta zauna ita kaɗai a cikin rami mai faɗi da sanyi, ɗan hayaƙinta ba zai iya ɗumama shi ba. Sai ya huce a hanya, ya zama ruwa ya riƙa cin simintin da ke tsakanin bulo, wani lokaci ma ya juyo ya fito cikin gida. Maganin shi ne a zura siririn bututun ƙarfe mai lanƙwasa daga saman hasumiya har zuwa tukunyar, daidai girman hayaƙinta. Wannan magana ita kaɗai ta fi mini duk rangwamen da wasu suka yi mini tayi. Duk wanda zai canja hita a tsohon gida, idan mai aikin bai ta da zancen tukunyar ruwa ba, ya nemi wani.

Na so a bi da bututun robar ta cikin hasumiyar don a huta da huda rufi. Ya ce ana yin haka, amma sai in babu wani abu mai hayaƙi da ke amfani da ita. Tunda tukunyar tana ciki, roba ba ta shiga. Sai dai in sayi tukunya mai lantarki, ita kuwa tawa ba ta tsufa ba. Don haka aka nemi wata hanya: daga ɗakin ƙasa, ta kusurwar ɗan ɗakin ajiyar kaya da ke ƙasa, ta kusurwar kabad ɗin tufafi da ke bene, a ratsa sararin da ke tsakanin silin da rufi, a ɓulla kusa da ƙololuwa.

A nan na ga gwaninta. Kowace hita tana da littafinta da ya faɗi iyakar tsawon bututun da fankarta za ta iya turawa, kuma kowace gwiwa da aka sa a hanya ana lissafa ta kamar ƙarin ƙafafu da dama na miƙaƙƙen bututu. Shugaban ma'aikatan ya zauna a kan matakala da littafin da biro, ya ƙirga tsawon, ya ƙirga gwiwoyin, ya ce mai faɗin inci 2 da suka zo da shi ya yi kusa da iyaka, ba zai yi kasada ba. Ya aika aka kawo mai inci 3. Hakan ya ja aikin ya kai washegari, ya kuma ci wuri a kabad ɗin fiye da yadda uwargida ta so, amma na ga ya san abin da yake yi. Ɓangaren da ya kwanta a ɗakin ƙasa ya karkata shi zuwa hitar, rubu'in inci a kowace ƙafa, ya sa masa marataya kusa-kusa don kada ya yi ciki ruwa ya taru. Ya nuna mini da ma'auni. Ya ce bututun da ya lotsa a tsakiya yakan tara ruwa har ya shaƙe fankar, hitar ta riƙa mutuwa ana neman dalili. Ruwan duka yana komawa cikin hitar, ya bi wani ɗan tiyo zuwa magudanar ƙasa. A rana mai tsananin sanyi galan-galan take zubarwa, wanda bai sani ba sai ya ɗauka yoyo take yi.

A sararin ƙarƙashin rufi, inda sanyinsa kusan ɗaya yake da na waje, sun naɗe bututun hayaƙin da soson roba mai kauri don kada ruwan da ke ciki ya daskare. A sama kuma suka fito da shi kusa da ƙololuwa maimakon bakin indararo, saboda dusar da ke zamewa daga rufi tana iya karya bututun da ke ƙasa-ƙasa, kuma iska ta fi share wajen ƙololuwa. Na shigar iska an lanƙwasa bakinsa ya kalli ƙasa, na hayaƙin ya miƙe sama ya fi shi tsawo da kamar ƙafa ɗaya, don kada hitar ta sake shaƙar abin da ta fitar. Na tambayi ruwan sama fa, tunda bakin a buɗe yake. Ya ce duk abin da ya shiga hanyar ruwan hayaƙin zai bi ya fita. Na ce a sa raga saboda tsuntsaye, ya ce raga mai ƙananan ido a garin nan ƙanƙara take kamawa ta toshe, gara a bar shi yadda littafin ya ce.

Sun karɓo takardar izini daga hukumar birni ba tare da na roƙa ba, jami'in duba gini kuma ya zo bayan an gama. Zuwansa ya yi amfani, don shi ya ga cewa ramukan da aka huda a daɓen bene da silin sun fi bututun faɗi kuma an bar giɓin a buɗe. Ya ce a toshe, saboda idan gobara ta tashi a ƙasa, irin wannan giɓi ne hanyarta zuwa sama. Sun dawo sun toshe, amma abu ne da bai kamata sai wani ya nuna musu ba.

Daga nan ɗacin ya fara. Sanyi na kankama sai uwargida ta kira ni ta ce, "Baban yara, zo ka taɓa rigunan nan." Duk waɗanda ke kusa da kusurwar kabad ɗin sun yi danshi. Bututun shigar iska ne. Yana ɗauke da iskar waje mai sanyin ƙanƙara yana ratsa ɗaki mai ɗumi, sai ya riƙa gumi yana ɗiga. Sun naɗe na hayaƙi a sama, sun manta da wannan a ciki. Gyaran bai da wuya, soson roba ne na 'yan daloli, amma sai da na yi ta kira ana cewa gobe, saboda lokacin sanyi duk hankalinsu yana kan gidajen da hita ta mutu.

Na biyu ya fi ci mini rai. A ruwan saman watan Afrilu na ga tabo ruwan ƙasa a silin ɗin bene. Na hau sama da tocila na tarar ruwa yana bin jikin katakon rufi daga gindin bututun. Farantin da ake sa wa bututu don hana yoyo, mai wuyan baƙar roba, ƙa'idarsa a cusa gefensa na sama ƙarƙashin fale-falen rufin, ruwa ya bi ta kansa ya wuce. Su kuwa ɗora shi suka yi a kai, suka buga ƙusa, suka shafe da gam. Gam kuwa ba ya jure daskarewa da narkewa na hunturun Bafalo. Kamfanin bai yi gardama ba, ya turo mai aikin rufi ya sake shi kyauta, ya kuma biya fentin silin. Na yaba da hakan. Amma abin da na fahimta shi ne gwanin hita ba lallai ya zama gwanin rufi ba. Wanda zai yi irin wannan aiki ya tambaya tun farko wa zai huda rufin, ya kuma sa a rubuta a takardar yarjejeniya cewa garanti ya haɗa da yoyo.

Ta fuskar aikin hitar kanta ba ni da ƙorafi. A tsakiyar Janairun 2024, lokacin da dusar ƙanƙara ta sa aka hana zirga-zirgar motoci, har aka ɗage wasan ƙwallon Amurka tsakanin ƙungiyar Bills ta Bafalo da Steelers daga Lahadi zuwa Litinin, lungun gidana ya sake cika. Wani ɗan'uwa ɗan Maraɗi da ke unguwar kudu, wanda nasa bututun yake jikin bango, ya ce mini a daren nan sai da ya riƙa sa ƙararrawar waya tana tashinsa ya fita da shebur. Ya ce, "Malam, ashe kai ka yi dabara." Tawa ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Da safe na tsallaka titi na ɗaga kai, bututun biyu suna tsaye sarai, tururi yana tashi. Ƙarar fitar hayaƙin, wadda masu na bango ke kuka da ita idan tana kusa da tagar ɗakin kwana, mu ba ma jinta. Sai dai idan dare ya yi tsit, wanda ke kusa da kabad ɗin yakan ji ɗan shuu na iska, yara ma sun saba.

Kuɗin gas ya ragu. A lissafi, tashi daga kashi 80 zuwa 96 yana rage gas ɗin ɗumama gida da kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma abin da nake gani a takardar biya bai yi nisa da haka ba, ko da yake farashi da tsananin sanyi suna canjawa daga shekara zuwa shekara. Wannan ribar hitar ce, ba ta rufin ba, wanda ya fitar ta bango ma zai same ta. Bin rufi ƙarin kuɗi ne zalla: bututu mai tsawo da faɗi, ƙarin yinin aiki, mai hawa sama, ga kuma kafinta da na kira daga baya ya rufe bututun da katako a cikin kabad. Duka ya ƙara mini abin da ya haura dala dubu a kan farashin bango, ban da na zura ƙarfe a hasumiya, wanda ko ta ina aka bi sai an yi shi.

Babban aibin wannan tsari, wanda babu gyaransa, shi ne hannunka ba ya kaiwa. Mai na bango idan ƙanƙara ta taru a bakin bututunsa zai fita ya ɓalle ta da hannu. Ni idan haka ta faru, rufin bene ne mai gangara, a lulluɓe da santsi, ba zan hau ba kuma ba zan bar kowa nawa ya hau ba. A ranakun da sanyi ya fi tsanani nakan ga ƙanƙara ta yi gemu a leɓen bututun hayaƙin, ta narke idan rana ta fito. Ba ta taɓa toshe shi ba, amma ina kallonta, nakan ja hoton da waya daga tsallaken titi in duba. Rufi ma ba ya hana toshewa gaba ɗaya, rage haɗarin yake yi. Saboda haka ƙararrawar kabon monoksaid tana nan a kowane hawa na gidan, har da ɗaya a ɗakin ƙasa da ɗaya a bakin ɗakunan kwana, kuma ina duba ranar ƙarewar da aka buga a bayansu, don su ma suna da wa'adi.

Wanda gidansa ke da fili ta kowane gefe, ko yake garin da dusar ƙanƙara ba ta wuce idon sawu, bango ya ishe shi, kada ya ɓata kuɗinsa. Wanda kuma ya tsaya a kan hita mai kashi 80, nasa lissafin daban ne: bututun ƙarfe mai riɓi biyu ake sa masa, a bar tazarar inci ɗaya tsakaninsa da katako ko'ina ya ratsa, kuma roba ba ta kusantarsa sam. Amma ga mai tsohon gida a matsattsen layi a Bafalo ko Rochester ko Syracuse, musamman mai aikin dare ko mai tafiye-tafiye da ke barin iyali a gida, ina ba da shawarar rufi ba tare da jinkiri ba. A yi aikin a Satumba ko Oktoba, lokacin da rufi yake bushe kuma kamfanoni ba su shiga ruɗanin sanyi ba.

Kamfanin kuwa, zan sake kiransu don aikin hita, saboda lissafinsu da gaskiyarsu. Don huda rufi, zan kawo nawa mai rufin ya tsaya a kansu. Shi ne ma ya gaya mini cewa baƙar robar da ke wuyan farantin rana tana cinye ta a hankali, tana tsagewa tun kafin fale-falen rufin su tsufa, don haka na sa ta cikin abubuwan da za a riƙa dubawa duk kaka, lokacin da ake share indararo.